Inna ta ce matata ta rage ci kada jaririn ya yi ƙato

Sale_Yelwa
Assalamu alaikum jama'ar gida. Wata magana ce ta hana ni barci, na ce bari in kawo ta nan ko a dace da masu sani. Iyalina na da ciki wata biyar, na fari ne. Tun da laulayi ya sake ta take ci kamar gara, ni kuma abin na yi mini daɗi. To Inna ta zo daga Gidar ta ga haka, ta ja ni gefe ta ce in taka mata birki, wai in ta cika ci ɗan zai yi ƙato ya ƙi fitowa sai an yanka ta. Ta hana ƙwai, ta hana madara, nama kuma sai dai romo. Shekaranjiya da muka je awo ungozoma ta duba karne, wato katin awo, ta ce nauyinta bai ƙaru yadda ake so ba, jininta ma ya yi ƙasa. Har ta ce da ni yaron da aka haifa ƙarami ainun ba ranar suna ake ganin illar ba, wani sai ya kai arba'in hawan jini ko suga ya kama shi. Wannan ce ta tsaya mini a rai. Ta yaya abin da mace ta ci yau zai bi mutum har ya yi furfura? Gaskiya ne, ko tsorata ni ta yi don in buɗe aljihu? Sannan ya zan yi da Inna?

Maman_Hafsat_Domayo
Wa alaikumus salam. Malam Sale ka bar baiwar Allah ta ci abincinta. Ni ma haka surukata ta yi mini a cikin fari, kunu da tuwo kawai, na haifi yarinya kilo biyu da 'yan kai, kamar ɗan tsako. Shekara uku muka yi muna zaryar asibiti da ita. Ƙannenta da na ci abin da raina ke so ko zazzaɓin kirki ba sa yi.

Alhaji_Tela
Yaran zamani ke nan. Iyayenmu tuwon dawa da miyar kuka suka ci, suka haifi goma sha, a ɗaki, ba awo ba karne. Ga mu nan da ƙarfinmu. Lafiya da ciwo na Allah ne. Abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, Sale ka bi maganar mahaifiyarka.

Gwaggo_Asabe
Alhaji, cikin goma sha ɗin nawa suka rayu? Mu goma sha ɗaya Dadarmu ta haifa, mu biyar muka tashi. Waɗanda suka tafi ba sa nan balle su rubuta nasu labarin. Kuma tuwon da suka ci da nono aka haɗa shi, da daddawa, da kifin Binuwai da ake samu kusan a banza. Yanzu fa? Farar shinkafa da mai da magi.

Adda_Ungozoma
Shekara goma sha bakwai nake karɓar haihuwa a yankin Marwa, nan arewacin Kamaru, bari in ce wani abu. Abokiyar aikina ba tsorata ka ta yi ba, Malam Sale. Jaririn da ya zo ƙasa da kilo 2.5 shi muke cewa ya gaza nauyi, kuma a wajenmu abubuwan da suka fi kawo haka su ne rashin isasshen abinci, ƙarancin jini, zazzaɓin cizon sauro da ke laɓewa a cikin mabiyiya, hawan jini, da ƙuruciyar uwa. In an auna jinin mai ciki aka ga bai kai 11 ba, ta shiga ƙarancin jini. Irin wannan ce ke ba mu tsoro ranar haihuwa, don jinin da wata za ta zubar ta tashi ta yi wanka, ita shi zai kwantar da ita.

Jan ƙwayar nan da muke bayarwa sinadarin ƙarfe ne haɗe da folik asid. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kowace mai ciki ta sha kullum, ƙarfe miligiram 30 zuwa 60, folik asid miligiram 0.4. Na san abin da ke faruwa da ita a gidaje, ana karɓa a saka ƙarƙashin katifa, wai tana sa ɗa girma. Ba ta sawa. Tana sa bayan gida ya yi baƙi, wasu ta tayar musu da zuciya, wannan gaskiya ne. In haka ta faru a sha da dare bayan an ci abinci.

Kuma ba cewa aka yi ta ci na mutum biyu ba. Ƙarin da jiki ke nema a watannin ƙarshe bai wuce kofin kunun gyaɗa mai kauri da ƙwai ɗaya da ɗan wake ba. Iri-irin abincin shi ne magana, ba tulin tuwo ba.

Sale_Yelwa
Na gode Adda. Ƙwayar kam na duba, tana nan a leda ba a taɓa ba, Inna ce ta ce a ajiye. Amma har yanzu ban gane maganar shekara arba'in ɗin nan ba.

Bashir_ɗalibin_likita
Yaya Sale bari in gwada. Ka ɗauki ƙoda. A cikin kowace ƙoda akwai 'yan ƙananan matatai da ke tace jini, ɗaruruwan dubbai. Duk a cikin uwa ake ƙera su, wajen mako na 36 aikin ya ƙare, daga nan ba a ƙara ko ɗaya har mutum ya mutu. In abinci bai isa ba jikin ɗan tayi yakan yi tattali, ya tura abin da ya samu zuwa ƙwaƙwalwa, ƙoda da hanta da tsoka su samu saura. Sai a haife shi da matatai kaɗan. Yana yaro ba abin da za a gani. Ya girma, ya yi jiki, yana cin gishiri, aikin ya fi ƙarfin matatan, jini ya fara hawa. Haka abin yake da sashen da ke samar da insulin, sinadarin da ke daidaita suga a jini, shi ne hanyar ciwon suga.

Ba hasashe ba ne. A ƙasar Holan, daga ƙarshen 1944 zuwa watan Mayu na 1945, sojojin Jamus sun toshe hanyar abinci zuwa yammacin ƙasar. Rabon abincin mutum a rana ya faɗi har zuwa kalori 400 zuwa 800, alhali babba na bukatar wajen 2,000. Mutum kusan 20,000 suka mutu. Da yake asibitocinsu na ajiye takardu, an bi yaran da ke ciki a lokacin har suka manyanta. Aka ga jikinsu bai iya sarrafa suga kamar na waɗanda aka haifa kafin yunwar ko aka yi cikinsu bayanta. Abin mamakin ma, waɗanda yunwar ta same su a watannin farko na ciki an haife su da nauyi daidai, amma su suka fi yin ƙiba da ciwon zuciya daga baya. Wani likitan Ingila, David Barker, shi ma a 1989 ya fitar da abin da ya gano a tsoffin littattafan haihuwa na yankin Hertfordshire, cewa mazan da suka fi ƙarancin nauyi suna jarirai sun fi mutuwa da ciwon zuciya.

Alhaji_Tela
Turawa ke nan. Jininsu da namu ba ɗaya ba.

Bashir_ɗalibin_likita
Baba Alhaji, an yi a maƙwabciyarmu Najeriya ma. An auna mutane sama da dubu a kasuwannin Inugu, sakamakon ya fito a 2010. Waɗanda aka haifa cikin yunwar yaƙin Biyafara, tsakanin 1968 da farkon 1970, sun fi waɗanda aka haifa bayan yaƙin yawan hawan jini da matsalar suga.

Abakar_Kusri
Wallahi jikina ya yi sanyi. Ni a farkon 1985 aka haife ni, tsakiyar farin nan da ya kori mutane daga Cadi. Mahaifiyata ta sha ba ni labari, da cikina ta taka daga ƙauye zuwa Injamena, wani lokaci wuni guda ba abin da ke shiga bakinta sai ruwan kunu. Ta ce da aka haife ni a tafin hannu ɗaya kakata ta ɗauke ni, ba wanda ya sa ran zan kai suna. Ina da shekara 36 aka ce ina da hawan jini, ni da ba ƙiba, ba taba, kullum a kan keke nake tsallaka gadar Ngeli. Ƙanina da aka haifa 1989 lafiyarsa ƙalau.

Injiniya_Musa
Allah ya ƙara lafiya Abakar, amma a yi hattara. Mutum ɗaya ba ya zama hujja. Ni na san wanda aka haifa kilo huɗu yana da hawan jini, na san bakwaini da ya kai tamanin yana noma. Kada mu sa iyaye mata su ɗauki laifin duk ciwon da ya samu 'ya'yansu.

Bashir_ɗalibin_likita
Maganarka daidai ce Injiniya. Haɗarin ne ke ƙaruwa, ba hukunci aka yanke ba. Abin da mutum ya ci bayan ya girma, da gado, da gishiri, duk suna da nasu kason. Abakar da ya sani yanzu shi ya ci riba, sai ya riƙa awo ya riƙe maganinsa.

Hajiya_Rabi_Tongo
Ku tsaya ku ji, kada ku mayar da Innar Sale jahila. Tsoronta ba na banza ba ne. Duk macen da ta kai shekarunta ta ga wadda ta kwana uku tana naƙuda a ƙauye, ɗa ya mutu a ciki, uwa ta tashi da yoyon fitsari. Ni kaina ɗana na huɗu kilo 4.6 ya zo, sai da aka yi mini aiki. Ashe suga ce ta kama ni a cikin ban sani ba, ga ni da shayi mai siga cokali huɗu safe da yamma, ga lemon kwalba. To ƙaton ɗa ma akwai shi.

Adda_Ungozoma
Hajiya kin taɓo inda nake so. Ƙaton ɗa irin naki suga ce ke kawo shi ko ƙibar uwa, ba ƙwai ko kifi ba. Kuma shi ma yaron da ya yi wanka da suga a ciki yana cikin haɗarin ƙiba da suga in ya girma, wato ta ko'ina aka wuce gona da iri akwai bashi. Amma yawancin naƙudar da ke tsayawa a wajenmu ba girman ɗa ba ne, ƙanƙantar ƙugun uwa ne. Yarinyar da tamowa ta tsumbure ta tun tana goye, ta tashi gajeriya, aka aurar da ita ƙashinta bai gama buɗewa ba. Kin ga in aka hana ta abinci ta haifi 'yar mitsitsiyar mace, an sake shuka irin wannan wahalar ce don shekara goma sha biyar masu zuwa. Maganin tsoron Inna shi ne awo da eko, wato hoton ciki, da haihuwa a asibiti, ba yunwa ba.

Maman_Hafsat_Domayo
Ni dai a bar maganar surukai haka, a zo kan maza. Mutum zai bar sefa 500 na cefane, da dare ya zauna wajen mai soya ya ci na 1,500 shi kaɗai, ya goge baki ya shigo yana tambaya ko an sha magani. In an yi miya ma tsokar tasa ce, yara su samu ƙashi, mai cikin ta side tukunya.

Ɗan_Moto_Garwa
Kai Maman Hafsat, an fara ke nan 😂 Ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Wallahi wani wunin bayan na biya mai moto na sha mai abin da ke saura bai kai 1,000 ba. Da me zan sayi nama da madarar gwangwani? Masu cewa a ci kaza a ci kaza su riƙa tunawa da irinmu.

Gwaggo_Asabe
Ɗana ba wanda ya ce madarar gwangwani. Wake da gyaɗa ba su gagare ka ba. Zogale a bayan gida yake. Tafasa, yakuwa, lalo, rama, damina ta yi har kyauta ake tsinka. Ƙananan busassun kifin nan na Lagdo, a daka su da ƙayarsu a zuba a miya, sun fi tsoka ɗaya da za a raba wa mutum takwas. Kabewa, gwanda, mangwaro in lokacinsa ya yi har ruɓewa yake a ƙasa. Nono kuma a tabbata an tafasa madarar kafin a kwantar. Ni da na ɗiyata haka na yi, kullum da hantsi kunun gyaɗa da tsamiya, da rana ɗanwake ko dafa-duka da wake, ba ta taɓa sanin ƙarin jini ba.

Zara_Injamena
Mu nan akwai dihe, koren abin nan da matan Kanembu ke kwasowa a tafkunan Kanem su shanya a yashi. A miya ake sa shi, kuma masu ciki na ci sosai. Ɗanɗanon ne sai wanda ya saba. Amma tambayata daban ce: ƙanwata na da ciki, ba abin da take so sai farar ƙasa, a ɓoye take saye. Da matsala?

Adda_Ungozoma
Da matsala Zara. Mu nan kalaba ake ce mata. Sau da yawa kwaɗayinta alama ce ta ƙarancin jini, sannan ita kanta tana riƙe sinadarin ƙarfe a hanji ta hana jiki ɗauka, ga ƙwan tsutsa, wata ma har da dalma a ciki. A kai ta a auna jininta. Shayi ma haka yake tare ƙarfen, a ba da tazarar awa ɗaya ko biyu tsakaninsa da abinci ko ƙwayar. Lemon zaƙi da gwaiba kuwa taimakawa suke.

Tunda an zo nan bari in ƙara da abin da ke ƙona mini rai. Lakar baya da ƙwaƙwalwar ɗan tayi suna rufewa ne cikin kwana 28 na farko, lokacin da mace ma ba ta tabbatar da cikin ba. Folik asid a nan yake aikinsa. Mu kuwa sai ciki ya kai wata biyar shida ake zuwa awo, wai kunya, wai kada baki ya kama. Sai a haifi yaro da ƙullutu a gadon baya, ƙafafu ba sa motsi, a ce iska ce. Tun 2011 gwamnatin Kamaru ta wajabta a riƙa zuba ƙarfe da folik asid a garin fulawa, bitamin A a man girki na kamfani, amma matar ƙauye da ke cin dawar gonarta wannan bai kai gare ta ba. Wadda ke neman haihuwa ta fara shan ƙwayar tun kafin cikin ya shiga. Gishiri kuma a sayi mai aidin, a rufe shi, rashinsa ba maƙoƙo kaɗai yake kawowa ba, yana rage kaifin ƙwaƙwalwar yaro.

Ummu_Khalid
Malamai na gidan nan, azumi fa? Bara da ciki wata bakwai na yi shi duka a zafin Marwa, har jiri nake gani, don kar a ce na cika raki.

Malam_Nuhu
Allah ya ba da lada, amma da kin sha ba ki yi laifi ba. Ya tabbata a hadisi cewa Allah ya sauƙaƙa azumi ga matafiyi da mai ciki da mai shayarwa. A mazhabarmu ta Malikiyya mai cikin da ta ji tsoro ga kanta ko abin da ke cikinta ta sha, ta rama daga baya. In tsoron halaka ne ko cuta mai tsanani, shan ma wajibi ne. Sannan Alhaji Tela, da girmamawa, ƙaddara gaskiya ce amma ba ta hana riƙo da sababi. A Suratut Ɗalaƙ ko matar da aka saka in tana da ciki an ce a ciyar da ita har ta haihu, ina ga wadda ke ɗakinta.

Alhaji_Tela
Malam ban ce a bar ta da yunwa ba. Ƙwan ne dai, mu mun taso an ce yana sa yaro ɗauke-ɗauke.

Ɗan_Moto_Garwa
Baba Alhaji ɓarayin da suka sace mini moto bara ban jin iyayensu sun taɓa ganin ƙwai 😂

Injiniya_Musa
Wani abu ya faɗo mini. In haka ne, wadda cikinta ya tsufa a watan Agusta, rumbu ya yi ƙasa, ga noma ga sauro, ɗanta ba zai zama ɗaya da na wadda ta haihu bayan kaka ba ke nan?

Bashir_ɗalibin_likita
An duba wannan a Gambiya, a ƙauyen Keneba da kewaye, inda ake rubuta haihuwa da mutuwa tun wajen 1950. Jariran damina sun fi zuwa da ƙarancin nauyi. A 1997 aka fitar da cewa waɗanda aka haifa a lokacin yunwar damina sun fi mutuwa da ƙuruciya bayan sun balaga, galibi da cututtuka masu yaɗuwa. Sai dai da aka nemi irin haka a Senegal da Bangaladash ba a samu ba, don haka wannan ɓangaren ana ja a kansa. Na nauyin haihuwa kam ba ja.

Hajiya_Rabi_Tongo
Sale, shawarata kada ka yi musu da Inna a gaban matarka, kuma kada ka bar yarinyar ta yi da bakinta, in ba haka ba ka ƙulla gabar da za ta fi cikin daɗewa. Ka ɗauki Inna ku je awo tare, ungozoma ta yi mata bayani, babba da babba. Kuma ka sayi cek sante, takardar nan ta biyan kuɗin asibitin mai ciki, in ba ka saya ba, sefa 6,000 ne, ya ɗauki awo da haihuwa har da aiki in ta kama, da kulawa zuwa kwana 42 bayan haihuwa. In ta ji ko aikin ya zo ba sai an sayar da akuya ba, rabin tsoron zai tafi.

Sale_Yelwa
Jama'a na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Hajiya na bi shawararki, yau da safe muka je da Inna. Ungozomar ta zaunar da ita a kujera, ta jawo fatar idon iyalina ta nuna mata yadda ta yi fari fat, ta sa mata abin jin bugun zuciyar jaririn a kunne. Inna ta yi shiru, can ta ce ikon Allah. Da muka fito ita da kanta ta sa na tsaya a kasuwa, ta zaɓi busasshen kifi da wake da zogale, har tana faɗa da mai kifin a kan mudu. Ƙwayar ma ta yarda a sha. Ƙwai ne dai ta ce atafau ba a gabanta ba, ta ce ni ma ba ta ci da cikina ba ga ni nan.

Maman_Hafsat_Domayo
To a dafa a kai mata ɗaki, Inna ai tana barcin rana.

Malam_Nuhu
A'a Maman Hafsat, kada a koya masa ɓoye-ɓoye da mahaifiyarsa. Kifi da wake sun toshe gurbin ƙwan ko Adda?

Adda_Ungozoma
Sun toshe Malam, in ana samu kullum. Sale ka tabbata tana kwana a gidan sauro, kuma duk awo a ba ta Fansidar, ƙwayar kariya daga zazzaɓin cizon sauro, ta haɗiye a gabansu. Bayan wata ɗaya a sake auna jinin ka faɗa mana nawa ya kai.

Abakar_Kusri
Bashir, tambaya ta ƙarshe. Ni da aka haifa a haka, 'ya'yana ma zai bi su? Uku gare ni, babbar mace ce, shekararta goma sha biyu, kuma ita ce mafi ƙanƙanta a ajinsu.